Kujera ba ta hana turmutsutsu: a ƙirga mutane, a buɗe ƙofa

Ranar 2 ga Janairun 2022, Chelsea ta karɓi Liverpool a filin Stamford Bridge na birnin Landan, aka tashi biyu da biyu. Waɗanda suka kalli wasan a gidajen kallo na Maraɗi da Damagaram sun kwana suna musu kan ƙwallon Salah da ta Kovacic. Abin da bai shiga hirar fada ba shi ne, a wannan rana ce hukumomin Ingila suka fara gwajin barin ƴan kallo su tsaya da ƙafafunsu bisa izinin doka, bayan kusan shekara talatin ana tilasta wa manyan kulob su zaunar da kowa kan kujera. Dubban mutane suka yi minti casa'in a tsaye, suka yi ihu, suka yi tsalle, kowa ya koma gida lafiya.

Kwana 22 bayan haka, ranar 24 ga wata, Kamaru ta kara da Komoros a Yawunde, a gasar cin kofin Afirka. Filin Olembe sabo ne fil, an gina shi don mutum 60,000, kowa da kujerarsa. Mutum takwas suka mutu a turmutsutsu a bakin ƙofar kudu, har da ƙaramin yaro. Ko ganin kujerun ba su yi ba. Washegari shugaban CAF, Patrice Motsepe, ya fito ya ce akwai ƙofar da ya kamata a ce a buɗe take, amma tana rufe.

Waɗannan ranaku biyu sun isa su kashe wani zance da ya daɗe a bakin manya: wai fili mai kujeru shi ne mai tsaro, tsayuwa kuwa ita ke kawo mutuwa. Zancen ƙarya ne, kuma ƙarya ce mai haɗari, don ita ke sa mai mulki ya sayi roba ya jera, ya kira ƴan jarida su ɗauki hoto, ya tafi ya yi barci yana ganin ya gama aiki. Ingila ta yi daidai da ta dawo da tsayuwa. Mu malamai da uwaye, da yaranmu ne ke cika filayen ƙwallo da na kokowa, mu ya fi kamata mu san dalili.

Abin da ya kashe mutum 97 a Hillsborough

Dokar kujeru ta Ingila daga gawa ta samo asali. Ranar 15 ga Afrilun 1989, Liverpool da Nottingham Forest suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, a filin Hillsborough na garin Sheffield. An ba magoya bayan Liverpool ɓangaren da ake kira Leppings Lane. Mutum 10,100 ne ke da tikitin tsayuwa a can, amma ƙofofin juyi bakwai kacal aka tanadar musu, irin waɗanda ke shigar da mutum ɗaya-ɗaya. Da lokacin wasa ya matso, jama'a ta taru a waje har numfashi ya fara wuya. Da ƙarfe 2:52 na rana kwamandan ƴan sanda, David Duckenfield, ya ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita. Kimanin mutum 2,000 suka shiga cikin ƴan mintoci.

A gabansu akwai wani dogon lungu da ya bi ta ƙarƙashin bene ya ɓulle a tsakiyar wurin tsayuwa, bayan raga. Babu wanda ya rufe lungun, babu wanda ya tsaya ya ce a bi dama ko hagu, alhali gefe-gefen akwai sarari. Wurin tsayuwar kuwa an yanka shi keji-keji da shingen ƙarfe, gaba ma shinge ne dogo don kada kowa ya shiga fili. Keji biyu na tsakiya, a takarda mutum 2,200 suke ɗauka. Daga baya masana suka auna suka ce bai kamata su wuce 1,693 ba. A ranar kimanin 3,000 ne a ciki.

Mutane suka mutu a tsaye, ƙirjinsu a matse jikin ƙarfe, ƴan sanda na kallonsu ta cikin shinge suna tsammani rigima ce. An tsayar da wasa minti biyar zuwa shida da farawa. Mutum 94 suka rasu a ranar, sauran daga baya, na ƙarshe Andrew Devine a 2021, bayan shekara 32 yana jinya. Jimilla 97. Ƙaraminsu, Jon-Paul Gilhooley, shekararsa goma, ɗan'uwan Steven Gerrard ne. Akwai ƴan mata biyu ƴan uwa ɗaya uba ɗaya, mai 19 da mai 15, da suka zo tare da uwayensu.

A sake karanta jerin nan: ƙofofi kaɗan, ba a ƙirga masu shiga kowane keji ba, ba a rufe lungu ba, shinge ya hana fita, masu tsaro ba su gane abin da idonsu ke gani ba. Kuma ba a ce babu gargaɗi ba, don a 1981 an yi matsi a daidai wannan wuri, mutum 38 suka jikkata. Alƙalin da aka ba bincike, Taylor, ya faɗa a rahotonsa na farko, cikin Agustan 1989, cewa babban sanadin shi ne gazawar ƴan sanda wajen tafiyar da jama'a. Bai ce tsayuwa ce ta kashe su ba.

An bar jaki, an daki taiki

Duk da haka, rahotonsa na ƙarshe a Janairun 1990 ya ba da shawarar a mai da filaye na zama zalla, kuma zuwa 1994 aka wajabta hakan a manyan rukunai biyu na Ingila. Ba na ganin laifin Taylor. Filayen lokacin tsofaffi ne, ruɓaɓɓu, ana tura mutane ciki kamar awaki a kasuwar dabbobi. Kujera ta kawo abu ɗaya mai daraja: lamba. Kujera ɗaya, tikiti ɗaya, mutum ɗaya. Da zarar kujerun sun ƙare, babu tikitin sayarwa. An kuma cire dogayen shingayen nan, aka faɗaɗa hanyoyin fita, aka horar da masu kula da ƴan kallo, aka sa kyamarori. Waɗannan su suka kare rayuka. Kujerar ita ce dai aka fi gani da ido, sai ta kwashe yabon.

Ta kwashe yabon, ta kuma taimaka wa masu laifi. Muddin ana cewa tsayuwa da halin ƴan kallo ne matsala, ba wanda zai tambayi kwamanda me ya yi. Tun gawawwaki na kwance, Duckenfield ya gaya wa shugabannin hukumar ƙwallo cewa magoya baya ne suka fasa ƙofar da ƙarfi. Sai a 2015 ya amsa a gaban kotu cewa ƙarya ya yi. An auna jinin mamatan ana neman barasa, har da na yara. Kwana huɗu bayan abin, jaridar The Sun ta buga cewa magoya bayan Liverpool sun yi wa gawawwaki sata, ta kira shi gaskiya. A 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya gano an gyara bayanan ƴan sanda 164, kuma mutum 41 daga cikin mamatan da wataƙila sun rayu da an kai musu ɗauki da wuri. Firaminista David Cameron ya nemi gafara a majalisa. A Afrilun 2016 kotun bincike ta yanke cewa an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma ƴan kallo ba su da hannu ko kaɗan. Shekara 27 uwaye mata suna yawo da hotunan ƴaƴansu kafin a faɗi wannan jimla guda. Duckenfield kuwa kotu ta wanke shi a 2019.

Wace irin tsayuwa aka dawo da ita?

Masu jin labarin daga nesa suna zaton an koma gidan jiya. Ba haka ba ne. A sabon tsarin, kowane layi yana da sandar ƙarfe mai ƙarfi a gabansa, wadda ta kai wa babba wajen ƙugu ko sama kaɗan, da kujera mai naɗewa a jikinta. Kowane ɗan kallo da lambarsa da gurbinsa. In na bayanka ya yi tuntuɓe, ƙarfe zai tare shi, ba bayanka ba. Nauyin layi ashirin ba zai taɓa taruwa kan layin gaba ba, wanda shi ne abin da ya faru a Hillsborough. Kuma ba kulob ke yanke wa kansa hukunci ba. Akwai hukuma ta musamman mai kula da tsaron filayen wasa, ita ke duba wuri ta ba da lasisi.

Me ya sa aka ga dole a yi? Domin dokar zama ta kasance a takarda kawai. Duk mai kallon Firimiya ya ga yadda magoya bayan da ke bayan raga, musamman baƙi, ke tsaye daga farko har ƙarshe. Tsayuwa a wurin da aka gina don zama ta fi haɗari: bayan kujerar gabanka iyakarsa ƙwauri, in aka ci ƙwallo aka tunkuɗo ka, sai ka kifa kan na gaba, shi ma ya kifa kan na gabansa. Shekara da shekaru hukuma na ganin haka tana yi kamar ba ta gani ba. Kowane malami ya san irin wannan doka: wadda aka rubuta a allo, kowa ke karyawa, ba mai iya tilastawa. Ƙarshenta takan koya wa yara cewa doka abin wasa ce.

Jamus ba ta taɓa barin tsayuwa ba. A filin Borussia Dortmund akwai ɓangare guda da kusan mutum 25,000 ke tsayuwa a wasannin gida, kuma tikitin tsayuwa ya fi na zama araha, shi ya sa ɗalibi da lebura ke iya shiga. Celtic ta Sikotiland ta kawo kujeru masu shinge a 2016. A gasannin Ingila kulob biyar suka fara gwajin: Chelsea, Manchester United, Manchester City, Tottenham da Cardiff. A Yulin 2022 gwamnati ta buɗe wa saura ƙofa, UEFA ma ta fara nata gwajin a kakar 2022 zuwa 2023.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba a raina ta. Margaret Aspinall, wadda ɗanta James mai shekara 18 ya rasu a Hillsborough, ta daɗe tana cewa ba ta yarda ba. Wa zai kalli idon wannan uwa ya ce ba ta san abin da take faɗa ba? Amma zafin rashi ba ya canza abin da bincike ya nuna, kuma ita ce da kanta ta kwashe shekaru tana faɗa don a tabbatar cewa sakacin hukuma ne ya kashe ɗanta. A 2017 ƙungiyar magoya bayan Liverpool ta jefa ƙuri'a, kashi 88 cikin ɗari suka goyi bayan kujeru masu shinge, kuma a 2021 aka fara kafa su a Anfield. Wasu kuma na cewa yara da tsofaffi da naƙasassu ba za su ga wasa ba. Akasin haka ne: da aka ware wa masu son tsayuwa wurinsu, mai son zama ya huta da ƙaton da ke tsaye a gabansa. Inda masu suka suka yi gaskiya shi ne kuɗi. A Ingila gurbin tsayuwa ɗaya ya maye kujera ɗaya ne, ba a ƙara yawan mutane ba, don haka talakan da tsadar tikiti ta kora tun shekarun 1990 bai dawo ba.

Kujerun Akra, ƙofofin Abijan

Mu dawo kusa da gida. Ranar 9 ga Mayun 2001, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko biyu da ɗaya a Akra. Magoya bayan da suka fusata suka ciro kujerun roba suna jefawa cikin fili. Ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a. Mutane suka ruga matakala, suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu, da yawansu ƴan zango ne, ƴan unguwar Nima, inda Hausa ce harshen titi. Akwai kujeru a filin. Makami suka zama.

Wata ɗaya kafin nan, a Ellis Park na Afirka ta Kudu, mutum 43 suka mutu a wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates, don an bar jama'a fiye da ƙima sun danno. A Maris na 2009 a Abijan, mutum 19 suka mutu kafin a fara wasan Kodebuwa da Malawi, kuma aka buga wasan. A Oktoban 2022 a Indunusiya, filin Kanjuruhan, barkonon tsohuwa da ƙananan ƙofofi suka ci mutum 135. A Disamban 2024 a Nzerekore ta ƙasar Gine, gwamnati ta ce 56, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun ninka haka, kuma yara na da yawa a ciki. Nan ma jifa, barkonon tsohuwa, sai rugawa ƙofa.

A duba jerin nan da kyau. Ƙasashe daban, filaye daban, wasu da kujeru, wasu da dakalin siminti. Abubuwa uku ne ke maimaita kansu: an shigar da mutane ba lissafi, hanyar fita a rufe ko ƙarama, an harba hayaƙi a wurin da ba inda za a gudu. Ƙa'idojin FIFA na tsaron filin wasa sun hana shiga da bindiga ko hayaƙin tarwatsa jama'a. An san wannan. Ana dai yi.

Kada wani ya ce halin baƙar fata ne. A Mayun 2022, a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a birnin Paris, an matse magoya bayan Liverpool a bakin ƙofa, an fesa musu hayaƙi, sannan ministoci suka ɗora laifin kan tikitin jabu. Rahoton masu bincike a 2023 ya ce UEFA ce ke da babban laifi, kuma saura ƙiris a yi asarar rayuka. Hukuma ko'ina halinta ɗaya: in abu ya ɓaci, sai ta nuna talaka da yatsa.

To mu fa?

Shekarun nan Mena ta sha karɓar baƙinta a ƙasar wasu, a Maroko, a Kotonu, a Lome, saboda filin Seyni Kountché na Yamai bai cika sharuɗɗan CAF ba. Abin kunya ne, abin takaici ne, kuma duk mai kishin ƙasa yana son a gyara. Cikin sharuɗɗan manyan wasanni akwai kujeru masu lamba, kuma ba na cewa a ƙi sa su. Wanda ke son shiga gasar mutane dole ya bi ƙa'idarsu. Abin da nake ƙi shi ne a mai da jera kujeru ya zama shi ne dukan maganar tsaro.

Domin yawancin yaranmu ba a wasan CAF suke haɗuwa da cunkoso ba. A filin jiha ne, ranar da kulob na gari ya kai wasan ƙarshe. A gasar makarantu ne da ta hutun damina. A filin kokowa ne, lokacin gasar takobi da ake yi tun 1975, wadda ke tara jama'ar da ƙwallon gida ba ta taɓa tarawa ba. A waɗannan wurare tsayuwa ake yi, ko zama kan siminti, ko hawa katanga da bishiya, kuma haka za a ci gaba da yi shekaru masu yawa. Wanda ya ce sai an sa kujeru za a sami tsaro, yana nufin a yi ta jira ke nan. Darasin Ingila ya fi wannan amfani: ana iya tsayuwa lafiya, in an ƙirga mutane, an raba su gida-gida, an bar musu hanyar fita. Wannan ba ya buƙatar biliyoyin sefa. Maraɗi ta karɓi wasannin kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019, an ga cewa in ana so a tsara shiga da fita, ana iyawa.

Sannan a daina wasa da kalmar "kyauta". Wani babba ya sayi ƙofa, a yi shela a rediyo cewa kowa ya zo, shiga kyauta. Niyyar na iya zama alheri, amma tikiti ba don kuɗi kawai aka yi shi ba, shi ne ƙirga. Ranar da aka soke tikiti, an soke lissafi. Mai son yin alheri ya sayi tikiti daidai yawan da filin ke ɗauka, ya raba tun kwana biyu kafin wasa. Ba mu manta Difa ba: a Fabrairun 2020, wajen rabon tallafi ga ƴan gudun hijira, aƙalla mutum 20 suka mutu a turereniya, yawancinsu mata da yara. Ba ƙwallo ba ce, amma ciwon ɗaya ne: jama'a mai yawa da ƙofa ƙarama.

In abu ya faru, za ku ji magana biyu. Ta farko: "mutanenmu ba su da tarbiyya." Ta biyu: "ƙaddara ce, kwanansu ya ƙare." Mun yarda da ƙaddara, kowane mai rai da ranarsa. Amma wanda ya sa kwaɗo a ƙofar fita ya tafi da makulli a aljihu, ba zai ɓuya bayan ƙaddara ba, kamar yadda direban da ya tuƙa mota ba birki ba ya ɓuya bayanta. Batun tarbiyya kuwa, wanda ke cikin matsi ba shi ke tura kansa ba. Ma'aunin Ingila na wurin tsayuwa bai yarda a wuce mutum 47 a murabba'in mita goma ba, wato ƙasa da biyar a kowace mita. In aka kai shida ko bakwai, taro ya zama kamar ruwa, yana kwasar mutum ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Na baya bai san na gaba na mutuwa ba. Mafi yawan masu mutuwa ba tattake su ake yi ba, ƙirji ne ke kasa buɗewa ya ja iska, cikin ƴan mintoci a gama. Yaro kuwa gajere ne, fuskarsa a daidai cikin manya take, ƙashin ƙirjinsa bai yi ƙwari ba. Shi ke fara tafiya.

Aikin da ya rataya a wuyanmu

Malam, in takarda ta zo cewa a kwashi ɗalibai a kai su fili don a cika wuri saboda baƙi, kana da haƙƙin tambaya kafin ka jera su. Filin nan mutum nawa yake ɗauka, wa ke ƙirgawa? Ta wace ƙofa yaranmu za su shiga, ta wace za su fita? Ƙofofin fita a buɗe za su kasance tun daga farko har ƙarshe, da mutum tsaye a kowace? Akwai motar asibiti da ƴan kwana-kwana? Jami'an tsaro za su shigo da barkonon tsohuwa? Daraktan da ya yi waɗannan tambayoyi bai yi rashin kunya ba, amana ya riƙe. In ba a ba da amsa ba, yara su zauna a aji. Kwamitin COGES da ƙungiyar uwayen ɗalibai su tsaya bayan malamin da ya ƙi, kada a bar shi shi kaɗai gaban manya. In kuwa za a je, a raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da babba da takardar sunaye, a isa da wuri, a bar taro ya watse kafin a fito.

Uwaye, hana yaro zuwa kallo ba dabara ba ce, zai haura katanga ya tafi ba ku sani ba. Gara ku san ina zai je, da wa, ku kuma koya masa abin da zai yi. Da ya shiga, ya duba hanyoyin fita, ba wadda ya shigo ta ita kaɗai ba. Ya nisanci jikin shinge da katanga da bakin ƙofa, nan ne ake matse mutum. In ya ji ana taɓa shi ta ko'ina, ba ya iya ɗaga hannu ya taɓa fuskarsa, lokacin fita ya yi, ko da wasa ya yi daɗi. In matsi ya riga ya kama shi, ya ɗaga hannuwa gaban ƙirji kamar ɗan dambe don ya bar wa numfashi wuri, kada ya yi kokawa da taro, ya bi shi yana zamewa gefe a hankali. Takalmi ko waya in sun faɗi, ya bar su. In wani ya faɗi kusa da shi, a ɗaga shi nan take, don ramin da mutum ɗaya ya bari shi ke jawo goma. Wannan darasin minti goma ne, malamin wasanni zai iya koyar da shi a filin makaranta da alli da igiya: a zana murabba'in mita ɗaya a ƙasa, a sa yara uku su tsaya, a ƙara na huɗu da na biyar, su ji da jikinsu yadda wuri ke ƙarewa.

Magadan gari da hukumar FENIFOOT da masu shirya kokowa, abin da muke nema gare ku ba shi da tsada. A rubuta a bakin kowane fili, da manyan haruffa, mutum nawa yake ɗauka. Kada a buga tikiti fiye da haka. A raba wurin tsayuwa da sandunan ƙarfe masu ƙwari, maƙeranmu sun iya. A ware ɓangaren yara da mata kusa da ƙofar fita. A mai da ƙofofi masu buɗewa ta waje, a cire musu kwaɗo ranar wasa. A sa mutum ɗaya, da sunansa, wanda tsaron taron ke wuyansa, mai ikon jinkirta wasa in cunkoso ya yi yawa a waje. A Hillsborough an yi tunanin jinkirta wasan, ba a yi ba.

Ingila ta biya mutum 97 da shekara talatin kafin ta raba tsakanin abin da ke kashe ƴan kallo da abin da ke da kyau a hoto. Gana ta biya 126. Gine har yau ana musu kan adadin nata. Mu an ba mu darasin kyauta, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da aka gayyace ku bikin buɗe sabon fili, kowa na yaba launin kujeru, ku zagaya baya ku ƙirga ƙofofin fita, ku tambaya makullinsu na hannun wa. Allah ya tsare mana yaranmu.